Tambayoyi da amsoshi kan kalmar Faransanci flèche da ma'anoninta

Duk wanda ya koyi Faransanci, a Maraɗi ne ko Damagaram ko a sashen Faransanci na wata jami'a a Najeriya, ya haɗu da kalmar flèche tun a shekarun farko, aka ce masa ma'anarta kibiya, ya rubuta ya haddace. Wahalar tana zuwa ne daga baya, ranar da ya tarar da ita a labarin tsadar hatsi, ko a rahoton injiniyan gini, ko a labarin gobarar wata majami'a a Paris, ya rasa inda kibiya ta shigo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai, masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo suka fi maimaitawa.

1. Mece ce ma'anar flèche ta farko, kuma yaya ake furta ta?

Ma'anarta ta farko ita ce kibiya, wadda maharbi yake ɗora wa baka ya harba. Kalmar mace ce a nahawun Faransanci, ana cewa la flèche ko une flèche, jam'inta kuma des flèches. Ana furta ta da gaɓa ɗaya tak, kusan "flesh", domin harafin e na ƙarshe ba ya fita, haɗin ch kuma yana ba da sautin sh na Hausa. Abokan tafiyarta su ne arc, wato baka, da corde, wato tsirkiya, da carquois, wato kwari. Yana da kyau mai koyo ya riƙe waɗannan ukun tare da ita, domin biyun farko za su dawo a amsa ta 7 inda babu maharbi ko ɗaya.

2. Daga ina kalmar ta samo asali?

Ba daga Latin ta fito ba, duk da cewa mafi yawan kalmomin Faransanci daga can suke. Masana tarihin harshe suna danganta ta da harshen Farankawa, ƙabilar Jamusawan da ta mallaki ƙasar Faransa har ta ba ta sunanta, kuma tushenta ɗaya ne da kalmomin da ke nufin tashi sama a harsunan Jamusawa. Ke nan tun asali flèche abu ne mai tashi. Sunan kibiya a Latin sagitta ne, tsohon Faransanci ya gaje shi ya yi amfani da shi, amma flèche ta ture shi daga bakin jama'a, sai ya rage a kalmomin ilimi irin su Sagittaire, sunan burujin da Larabawa ke kira Ƙausu. Ingilishi ma ya ara daga nan: sunan iyali Fletcher asalinsa mai sana'ar yin kibau ne.

3. Me ya sa ake rubuta flèche da è amma flécher da é? Kuma fléchir 'yar'uwarsu ce?

Ƙa'idar rubutu ce kawai. Idan gaɓar da ke biye tana da e marar sauti, ana sa è, shi ya sa ake rubuta une flèche da je flèche. Idan gaɓar da ke biye tana da wasali mai fita, ana sa é, kamar a flécher, fléché da fléchette. Aikatau flécher yana nufin sanya alamomin kibiya a hanya domin nuna wa mutane inda za su bi.

Fléchir kuwa ba danginsu ba ce ko kaɗan, kama ce ta ido. Ma'anarta lanƙwasawa ko rusunawa, kuma tana komawa ga Latin flectere, inda flexion da flexible suka fito. Abin da ke ƙara rikita ɗalibai shi ne a fannin gini kalmomin biyu suna zuwa a jimla ɗaya: la poutre fléchit, on mesure sa flèche, wato ƙarfen da ke ɗauke da rufi ya lanƙwasa, ana auna yawan lanƙwasawar. Bayanin wannan yana amsa ta 8.

4. Akwai wani abu da ya haɗa duk ma'anonin nan, ko sai dai a haddace su ɗaya bayan ɗaya?

Akwai, kuma a ganina wanda ya gane shi ya huta da haddar banza. Bafaranshe ya dubi kibiya ya ga abu huɗu a jikinta, kowanne ya haifar da zuriyarsa. Ya ga siffarta, doguwa siririya mai tsini, sai ya ba da sunanta ga tsinin hasumiya, da wuyan injin ɗaga kaya, da kan bishiya. Ya ga tana nuna waje ɗaya, sai ya ba da sunanta ga alamar hanya. Ya ga saurinta da zafin sukarta, sai ya gina karin magana a kai. Na huɗun shi ne ya fi ɓuya: ya ga wurin da kibiya take kwanciya tsakanin tsirkiya da gantsarar baka, sai ya kira wannan tazara da sunanta, daga nan ma'anonin lissafi da na injiniyoyi suka fito.

Hausa ma ta san irin wannan aron. Tsinken da mata ke tsaga kitso da tsefe kai da shi ana ce masa kibiya saboda siffarsa, ba don ana harba shi ba, kuma maginan gargajiya suna kiran gantsararren ginin da ke ɗauke da rufin soro baka.

5. Me ake nufi da suivez les flèches, parcours fléché da mots fléchés?

Wannan ce ma'anar da ta fi yawa a rayuwar yau da kullum, kuma nan fassara da kibiya ba ta da laifi. Suivez les flèches a asibiti ko filin jirgi yana nufin ku bi alamar kibiya. Parcours fléché hanya ce da aka riga aka jera mata alamomi. A kwamfuta, touches fléchées su ne maɓallai huɗu na sama da ƙasa da dama da hagu, ɗan tsinken da ke yawo a fuskar kwamfuta shi ma flèche ne. Mots fléchés wasan cike gurbin kalmomi ne na jaridu da mujallu, inda ake rubuta tambaya a cikin akwati, wata 'yar kibiya ta nuna ko amsar a kwance za a rubuta ta ko a tsaye.

6. Da aka ce la flèche de Notre-Dame ta faɗi a gobarar 2019, me ya faɗi?

Doguwar hasumiya mai tsini ce da ke tsakiyar rufin babbar majami'ar Notre-Dame ta Paris. Ranar 15 ga Afrilu 2019 wuta ta kama rufin, duniya tana kallo a talabijin hasumiyar ta karye ta rufta ciki. Wadda ta ƙone ɗin ba ita ce ta asali ba: ta farko an gina ta a ƙarni na 13, aka sauke ta a ƙarshen ƙarni na 18 bayan ta raunana, sai masanin gini Eugène Viollet-le-Duc ya tsara sabuwa aka kammala a 1859. Ƙololuwarta ta kai mita 96 daga ƙasa, an yi ta da katakon oak aka lulluɓe da darma, da siffar zakara a samanta. An sake gina ta daidai da yadda take, aka buɗe majami'ar ranar 7 ga Disamba 2024.

Dole mai fassara ya bambance flèche da tour da clocher. Tour ita ce hasumiya gaba ɗaya, clocher ita ce wadda ƙararrawa take ciki, flèche kuma ɓangaren sama ne mai tsukewa har ya ƙare da tsini. Notre-Dame tana da tours biyu a gabanta masu shafaffen kai, waɗanda gobarar ba ta kayar ba, don haka wanda ya ce "hasumiyar Notre-Dame ta rushe" ya yi shiru, ya bar mai sauraro da hoton da ba daidai ba. "Hasumiya mai tsini" ko "tsinin hasumiya" ya fi kusa. Flèche ɗin majami'ar Strasbourg, da aka gama a 1439, ta kai mita 142, ta Rouen kuma, wadda aka yi da ƙarfen zubi, ta kai mita 151, ita ce mafi tsawo a Faransa. Hasumiyar masallacin Agadas, duk da tana tsukewa zuwa sama, minaret ake ce mata da Faransanci.

7. A darasin lissafi, mece ce flèche d'un arc?

Nan ne hoton maharbi ya fito sarai. A zana da'ira, a yanki wani sashe na gefenta: wannan sashe sunansa arc, baka. A haɗa bakinsa biyu da miƙaƙƙen layi: wannan layi sunansa corde, tsirkiya. Ɗan layin da ya tashi daga tsakiyar tsirkiya ya miƙe har ya taɓa tsakiyar baka, shi ne flèche, domin daidai nan kibiya take kwanciya kafin a harba ta. Faransawa ba su ne suka ƙirƙiro wannan kwatanci ba. Littattafan Latin sun kira layin sagitta, malaman lissafi na Larabawa kuma sun kira shi sahm, duka biyun kibiya ke nan.

Ga misali da lamba. Da'ira ce mai nisan mita 5 daga cibiya zuwa gefe, aka ja mata tsirkiya mai tsawon mita 8. Rabin tsirkiyar mita 4 ne. Ta ƙa'idar Fisagoras, nisan cibiya zuwa tsakiyar tsirkiya mita 3 ne, domin 25 a cire 16 ya bar 9, tushen 9 kuma 3 ne. A cire 3 daga 5, flèche ta zama mita 2. Magini mai son ɗaure gantsararriyar ƙofa yana amfani da wannan lissafin ko da bai san sunansa ba.

8. Me injiniya yake nufi idan ya ce la flèche est trop grande?

Yana nufin abin da aka shimfiɗa a kan ginshiƙai biyu, ƙarfe ne ko katako ko rufin kankare, ya yi ciki fiye da yadda aka yarda. Asalin ma'anar shi ne na amsa ta 7, an dai kifar da bakan ne: miƙaƙƙen layin da ke tsakanin ginshiƙan shi ne tsirkiya, ƙarfen da ya lotsa shi ne baka, zurfin lotsawar a tsakiya kuma shi ne flèche. Na taɓa tsayawa a wani wurin gini inda mai duba aiki ya ɗaure zare daga wannan bango zuwa wancan a ƙarƙashin rufin kankare, ya hau benci ya sa ma'auni a tsakiya, ya ce da shugaban magina flèche ta kai santimita 3. Wani saurayi da ya yi makarantar boko ya juya ya ce da magina wai kibiya ta yi girma. Shugaban maginan ya ɗaga kai ya dubi zaren, ya ce: "Yaro, cewa ya yi rufin ya yi ciki." Shi da bai iya Faransanci ba ya riga mai fassarar ganewa, saboda ya san aikin.

Dalilin da injiniyoyi ke damuwa da wannan awo shi ne ba ya ƙaruwa a hankali. Idan nauyi ya bazu daidai a kan ƙarfe, aka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙai sau 2, lotsawar tana ninkuwa sau 16. Idan kuma aka ninka kaurin katako daga sama zuwa ƙasa sau 2, lotsawar tana raguwa sau 8, shi ya sa kafinta yake kafa katakon rufi a kan gefensa, ba ya kwantar da shi. Ƙa'idojin gini sukan sa iyaka, misali kashi ɗaya cikin 500 na tazarar, wato santimita 1 a mita 5. Maginan soro sun san wannan tun da daɗewa, sun san azara ba ta jure tazara mai faɗi, shi ya sa suke ɗaura baka idan ɗakin zai yi girma. Wani lokaci ana yin ƙarfen da ɗan tudu tun farko domin nauyi ya dawo da shi daidai, wannan tudun sunansa contre-flèche.

Ma'aikatan lantarki ma suna amfani da kalmar ga saukowar waya tsakanin turaku biyu. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, saboda haka wayar da aka ja a lokacin hunturu za ta ƙara sauka a watan Afrilu, kuma dole a lissafa wannan tun ranar da ake ja.

9. A injin ɗaga kaya, da tirela, da jirgin sama fa?

A dogon injin ɗaga kaya da Faransawa ke kira grue, flèche ita ce dogon hannun da igiyar ƙarfe ke sauka daga gare shi, gajeren hannun baya mai ɗauke da tubalan nauyi kuma contre-flèche. A lura cewa wannan contre-flèche daban take da ta amsa ta 8. A tirela ko amalanke, flèche ita ce sandar ƙarfen gaba da ake maƙala wa abin da ke ja. A jirgin sama, aile en flèche fiffike ne da aka karkatar zuwa baya kamar kan kibiya domin jirgi ya iya gudu kusa da saurin sauti: fikafikan Airbus A320 sun karkata da digiri 25, na Boeing 747 da digiri 37.5.

10. Ana samun kalmar a aikin gona da labarin ƙasa?

Ana samu. Masu kula da itatuwa suna kiran tohon da ke can ƙololuwar bishiya, wanda ke jan tsawonta, flèche. A dabino da kwakwar manja, sabon ganyen tsakiya da bai buɗe ba, mai kama da mashi, shi ma sunansa ke nan, kuma idan ya ruɓe manomi ya san bishiyar tana cikin hatsari. Rake idan ya fid da fure, dogon kan nan mai gashi flèche ne.

A labarin ƙasa, flèche littorale doguwar tsiririyar rairayi ce da igiyar ruwa ke tarawa a bakin teku, gefe ɗaya a manne da tudu, ɗaya gefen a cikin ruwa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Langue de Barbarie a Saint-Louis ta Senegal, wadda ta raba kogin Senegal da tekun Atlantika. A 2003 hukumomi suka haƙa mata mashiga mai faɗin mita 4 domin ambaliyar da ke barazana ga birnin ta samu mafita, sai teku ta yi ta cin gefen mashigar har faɗinta ya kai kilomitoci.

11. Yaya za a fassara les prix montent en flèche?

Hausa tana da abin da ya dace da ita kamar an auna: farashi ya yi tashin gwauron zabi. Duka biyun hoto ne na abin da ya tashi sama a miƙe kuma farat ɗaya. Ana amfani da monter en flèche ga farashi, zazzaɓi, yawan marasa aiki ko farin jinin ɗan siyasa, kuma kishiyarta da aka fi ji ita ce chute libre, faɗuwa warwas. Ina roƙon masu fassara labarai su daina cusa kibiya a nan, domin mai sauraro a kasuwa ba ya jin komai a "farashi ya hau kamar kibiya", alhali gwauron zabi kowa ya san tashinsa.

Partir comme une flèche ko filer comme une flèche kuwa gudu ne a ƙasa, ya fita a guje kamar an harba kibiya, nan Hausa da Faransanci sun yi daidai. Être en flèche yana nufin kasancewa a sahun gaba a wani fage.

12. Faire flèche de tout bois da ce n'est pas une flèche da la flèche du Parthe fa?

Faire flèche de tout bois a zahiri shi ne yin kibiya da kowane icce, ma'anarsa mutum ya yi amfani da duk abin da hannunsa ya kai domin cim ma buƙata, mai kyau da marar kyau. Idan matsuwa ce ta kai shi, karin maganar nan ta wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, tana kusa da shi. Idan kuwa zargi ne ake yi masa, gara a ce ba ya zaɓen hanya.

Ce n'est pas une flèche magana ce ta raini da ake yi a hira, tana nufin mutum ba shi da kaifin basira, ba ya saurin ɗaukar abu. Ba a faɗar ta ga babba, kuma ba ta shiga rubutun ofis. Décocher une flèche shi ne harba wa mutum baƙar magana. La flèche du Parthe baƙar maganar da mutum ke yarwa ce daidai lokacin da zai fita, yadda ba a samun damar rama masa. Asalinta mahayan Fartiyawa ne na tsohuwar ƙasar Iran, waɗanda kan yi kamar sun gudu, sai su juyo a kan doki su yi harbi ta baya. Su ne suka ragargaza rundunar Rumawa ta kwamanda Crassus a garin Carrhae a shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa.

13. Wace ma'ana take da ita a wasanni?

A wasan takobi, flèche hari ne da ɗan wasa ke kaiwa ta hanyar jefa jikinsa gaba a guje da hannu a miƙe. Fléchettes su ne 'yan kibau da ake jifan faifai da su da hannu. La Flèche wallonne kuma tseren keke ne na ƙasar Beljiyam da aka fara a 1936, yana ƙarewa a saman tudun Mur de Huy mai wuyar hawa, ɗan Sifaniya Alejandro Valverde ya ci shi sau 5. Sunan tsere ne, ba a fassara shi.

14. Garin La Flèche sunan kibiya ya ci?

La Flèche gari ne a yankin Sarthe na yammacin Faransa, a bakin kogin Loir. Masu binciken sunayen wurare sun fi danganta sunan da wata kalmar Latin mai nufin abin da aka kafa a ƙasa, kamar turken iyaka, ba da kibiya ba. Garin ya yi suna da kwalejin da Sarki Henri na Huɗu ya kafa wa limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit a farkon ƙarni na 17, inda masanin falsafa René Descartes ya yi karatu. Tun 1808 ginin ya zama makarantar soja ta Prytanée, sunan da makarantar soja ta Yamai ma take amsawa. Kamar yadda ba wanda zai fassara sunan ƙaramar hukumar Kibiya ta jihar Kano zuwa Faransanci, haka ba a fassara La Flèche zuwa Hausa.

15. Akwai flèche da ba ta da alaƙa da kibiya, ko wadda ba mace ba?

Akwai duka biyun. Flèche de lard faffaɗan yankin kitsen alade ne daga kafaɗa zuwa cinya, kuma wannan kalma daban ce da ta zo daga harshen mutanen arewacin Turai na da, rubutu ne kawai ya haɗa su. A bakin matuƙa jirgin ruwa mai filafilai kuma ana cewa le flèche, da siffar namiji, ga wani ƙaramin filafili na can saman jirgi.

16. Idan na haɗu da kalmar a rubutun da zan fassara, ta ina zan fara?

A fara da duba abin da ke gefenta. Idan akwai lamba da milimita ko santimita, awon lotsawa ne ko na gantsara, sai a koma amsa ta 7 da ta 8. Idan lambar mita ce masu yawa kuma ana maganar gini, tsinin hasumiya ne ko hannun injin ɗaga kaya. Idan digiri ne, fiffiken jirgi ne. Idan en ya gabace ta bayan monter ko grimper, tashin gwauron zabi ne, idan kuma ta fara da babban harafi, suna ne a bar shi yadda yake. Idan rubutun na wata sana'a ne, kafin a buɗe ƙamus a nemi mai sana'ar, magini ko ma'aikacin lantarki ko manomin rake, a kwatanta masa abin da hannu, a tambaye shi yadda suke kiransa a wurin aiki.